YADDA AKE MAYAR DA TARWAƊA BABBAN TANKI KO SABON WURI BA TARE DA ASARA BA



Akwai ranar da kusan duk mai kiwon tarwaɗa sai ya gamu da ita. 'Ya'yan kifin da ka zuba a tankin roba mai lita 1,000 suna kamar yatsa sun yi wata biyu da 'yan kai, sun cika wurin. Ruwan da a da yake kwana uku garau, yanzu kafin yamma ya yi kumfa ya fara wari. Ko kuma wurin ne ya ƙi: mai gida ya ce yana son filinsa, rijiyar unguwa ta ja baya, ko ka samu fili kusa da rijiyar burtsatse. Ko ta wace hanya, dole kifi ya tashi.

A nan ne masu farawa da yawa ke tafka asara. Abin da ke rikita mutum kuwa shi ne, yawanci kifin ba ya mutuwa a ranar. Za ka juye su lafiya lau, ka kwana da murna. Bayan kwana biyu zuwa biyar sai ka fara tsintar gawa, wasu da farin tabo a jiki, wasu gashin baki ya gutsure, sauran sun ƙi abinci. Sai a ɗora wa abinci laifi, ko wanda ya sayar da iri, ko a ce baki ne. Alhali tun ranar ƙaura aka yi ɓarnar.

Duk abin da kifi ya sani a duniya shi ne ruwan da yake ciki: zafinsa, iskarsa da tsaminsa. Saboda haka aikin ƙaura a kan abu biyu ya tsaya. Ruwan da za ka kai shi ya yi kama da wanda ya baro, sannan ya isa can ba rauni a jikinsa.

Bari mu ɗauki misali da mai kiwo a Dodoru, cikin Ƙaramar Hukumar Gwandu ta Jihar Kebbi, mai tarwaɗa 500 da yake son mayar da su babban tanki, ko a can ƙarshen gari ko ma a wajen ɗan uwansa a Kalgo. Mutanen Kebbi ba baƙin kifi ba ne. Tun 1934 ake bikin kamun kifi na Argungu, wanda UNESCO ta saka cikin jerin al'adun duniya a 2016, ga kuma Yauri da masuntanta. Amma su daban, kiwo daban. Burin masunci da homarsa da gorarsa kifi ya fito daga ruwa, shi ke nan. Burinka kai kuwa kifin ya koma ruwa, gobe ya ci abinci.

FARA DA LISSAFI

Kafin ka kira birkila ko mai ɗinkin tamfol, ɗauki biro. Tsawo sau faɗi sau zurfin ruwa, duk da mita, sannan sau 1,000, shi ne yawan litar da tanki zai ɗauka. Tanki mai tsawon mita 4, faɗin mita 2, da ruwa mai zurfin mita 1 zai ci lita 8,000. Ka raba kifi 500 a ciki, kowace lita 1,000 ta samu kifi 62 ko 63. Ga mai farawa da ba shi da injin hura iska, kuma yake son kifinsa ya kai kilo ɗaya, kifi 50 zuwa 80 a lita 1,000 ya isa. Za ka ji wasu suna zuba fiye da haka, amma ka duba da kyau, za ka tarar ruwansu ba ya yankewa.

Ga inda lissafin ke da zafi. Lita 8,000 jarka 320 ce mai cin lita 25. In za ka sauya kashi ɗaya cikin uku na ruwan, ka wuce jarka 100 a tashi ɗaya, kuma idan kifi ya girma kusan kullum ne. Wanda zai sayi wannan ruwa a hannun 'yan ga-ruwa, ribarsa ta tafi tun kafin kifi ya isa kasuwa. To ka tabbatar da ruwan sabon wurin tukuna, kuma da Afrilu da Mayu za ka auna shi, lokacin da rijiyoyi ke ja baya. Rijiyar da ta cika a watan Satumba ba shaida ba ce.

Ka kuma tuna lita 8,000 nauyin tan 8 ne. Ƙasa ta zama a miƙe kuma a daddaɓe, in ba haka ba ƙarfen tamfol zai karkace, siminti ya tsage. Ka san inda ruwan datti zai bi tun yanzu. In ka juya shi zuwa lambu, alayyafo da tumatir sun samu taki kyauta. In ya bi ƙofar maƙwabci, ka sayi rigima.

SABON GIDA YA RIGA KIFI SHIRYAWA

Tankin siminti shi ya fi cin mutane. Sabon siminti yana sakin sinadari mai kaifi a cikin ruwa, ya ɗaga ma'aunin da ake kira pH har ya wuce 10, alhali tarwaɗa tana son tsakanin 6.5 da 8.5. Irin wannan ruwa yana ƙona fatar kifi da wurin numfashinsa. Maganinsa jiƙo ne: cika tankin, bar shi mako guda, zubar, goge bango da buroshi, sake cikawa. Yi haka na mako biyu zuwa uku. Wasu masu kiwo suna jefa buhun kashin kaji ko kututturen ayaba a ruwan jiƙon. In ka yi haka, ka wanke tas kafin ruwan ƙarshe. Sannan ka shafa bangon da tafin hannu. Duk inda ya karce ka zai karce kifi.

Sabon tamfol ko tankin roba yana zuwa da warin kamfani. Wanke shi da ruwan gishiri, ban da omo ko sabulu, ka jiƙa shi kwana biyu ko uku ka zubar. A ƙarƙashin tamfol ka shimfiɗa yashi mai laushi, ka tsince duwatsu da ƙaya. Ka yi masa rumfar zana wadda iska ke ratsawa, domin ranar Kebbi in ta daki tamfol tsirara, ruwan sama-sama yana zama kamar na wanka.

In kandamin ƙasa ne a fadama, ka zuƙe ruwan, ka bar ƙasan ya bushe har ya tsattsage, ka fitar da kifin daji da kwaɗi, ka kewaye da raga saboda guza da macizai da tsuntsaye. Ka tambayi dattawan wurin inda ruwa ke kaiwa a watan Agusta da Satumba. Wanda ya ga yadda ambaliyar 2020 ta shanye gonakin shinkafa a Kebbi ba sai an yi masa dogon bayani ba. Kifin da ambaliya ta ɗauka ya zama na kowa.

Kai kuma mai haɗa kaji da kifi, kada ka ajiye tanki inda ruwan wankin ɗakin kaji ko maganin feshinsu zai gangaro.

RUWA MA YANA BUƘATAR HUTU

Ruwan burtsatse yana fitowa garau, amma iskar oksijin kaɗan ce a cikinsa, don daga ƙarƙashin ƙasa ya taso. Wani ma yana zuwa da sinadarin ƙarfe, shi ne za ka ga ya yi ja-ja bayan ya sha iska. Ka sa tiyo ya zubo daga sama yana fantsama, ka bar ruwan ya kwana ɗaya ko biyu a tanki. In ruwan famfo ne na gwamnati, akwai kulorin a ciki, shi ma sai ya kwana biyu a buɗe.

Gwaji mafi arha shi ne 'yan leƙen asiri. Kwana biyu kafin ƙaura, ɗauki kifi biyar zuwa goma ka saka a sabon tankin. In sun kwana biyu suna yawo suna cin abinci, hanya ta buɗe. In sun tsaya tsaye a ruwa, kai sama wutsiya ƙasa, ko suna goga jiki da bango, dakata. Asarar kifi biyar ta fi ta ɗari biyar sauƙi. Takardar gwajin pH da ma'aunin zafin ruwa ma ba su kai kuɗin buhun abinci ɗaya ba, kuma za su daɗe suna yi maka aiki.

DARASI DAGA MASU KIFIN TEKU

A Turai da Amurka, har da wasu gidaje a Legas da Abuja, akwai masu ajiye kifin teku na ado a akwatin gilashi. Ruwan teku yana da gishiri kimanin giram 35 a kowace lita, kuma kifinsa ba ya jure sauyi ko kaɗan. Shi ya sa idan za su koma babban akwati ko sabon gida, tun ana saura kwanaki suke haɗa sabon ruwa, su daidaita gishirinsa da zafinsa da na tsohon. Duwatsun cikin akwatin da soson matatar ruwa kuwa a jiƙe suke ɗaukarsu, ba sa bari su bushe.

Dalili shi ne, kifi yana fitar da amoniya, ragowar abinci ma idan ya ruɓe amoniya yake bayarwa, ita kuwa guba ce. Akwai ƙwayoyin halitta masu amfani da ke cinye ta, kuma a jikin duwatsu da bango da matata suke zama. A sabon wuri sukan ɗauki mako huɗu zuwa shida kafin su yawaita.

Tarwaɗa ta fi kifin teku juriya nesa ba kusa ba, amma darasin ya shafe ka. Sabon tanki fanko ne, babu mai taya ka share amoniya sai sauya ruwa. Kuma gubar amoniya tana ƙaruwa idan ruwa ya yi zafi ko pH ya hau. Ka ga ke nan sabon siminti, zafin bazara da abinci mai yawa, in suka haɗu a mako ɗaya, an gama. In kana da matata a tsohon tanki, ɗauko kayan cikinta a bokitin tsohon ruwa, kada ka wanke su da ruwan famfo.

JAJIBIRIN TASHI

Ka hana kifi abinci na awa 24 cur kafin ka taɓa shi. Masu farawa suna jin tausayi a nan, har wani ya ƙara musu abinci wai guzuri. Kifin da cikinsa ke cike, da ya sha jijjiga zai amayar, ya yi kashi a jarka, ruwan ya lalace cikin mintoci. Yunwar kwana ɗaya ba ta kashe tarwaɗa.

A daren ka tara kaya: jarkoki masu lita 50 da aka yanke samansu, baho uku ko huɗu, ragar hannu mai laushi, sikeli, gishiri, da mutum biyu ko uku da za su taya ka. Ka kula da tarihin kowace jarka. A ƙasar noman shinkafa, jarka da bokiti da yawa sun taɓa ɗaukar maganin ciyawa ko na ƙwari, wasu fetur ko gas. Irin waɗannan ko an wanke kada su kusanci kifi. Ragar aro ma ka jiƙa ta a ruwan gishiri mai kauri, ka shanya a rana, don cuta tana bin raga daga gona zuwa gona.

Sai lokaci. Tarwaɗa ta fi jin daɗin ruwa mai zafin digiri 26 zuwa 30. A yankin Gwandu da Birnin Kebbi zafin rana yana wuce digiri 40 daga Maris zuwa Mayu, don haka a bazara da asuba ake aikin, a gama kafin ƙarfe 9, ko kuma a bari sai rana ta yi sanyi sosai. A hunturu, Disamba da Janairu, abin ya juya. Ruwan tanki yana kwana da sanyi ƙarara, kifi ya yi lakwas, gara ka jira hantsi. Ka kuma lura da wannan: da sanyin safiyar hunturu ruwan burtsatse ɗumi gare shi, ruwan da ya yini a baƙin tankin sama kuma da rana zafi gare shi. Duka biyun suna iya bambanta da ruwan da kifinka yake ciki.

KAMU DA SOTIN

Rage ruwan tsohon tanki har ya rage kamar taƙi ɗaya, don kada ka yi ta tseren kifi da raga. Amma kafin ka rage, ɗebi ruwan sama mai tsabta ka zuba rabi a jarkoki, ka cike da sabon ruwa da ya huta. Dattin ƙasa kuwa ka bar shi a nan.

Kwaso kaɗan-kaɗan. Tarwaɗa ba ta da ɓawo, yauƙin jikinta shi ne rigarta, shi ke tare ƙwayoyin cuta. Busasshen hannu, busasshen baho, ƙasa da buhu mai kaushi duk suna kankare shi. Ga kuma ƙaya a fukafukan gefenta. In ka cika raga, da ƙayar nan suke soke juna, ita ce kuma ke maƙalewa a raga. Wadda ta maƙale ka zare ta a hankali, kada ka fizge. Kai ma ka kiyaye hannunka, sukar tarwaɗa ba wasa ba ce.

Tunda kifi ya fito, yau ce ranar sotin, wato ware manya daga ƙanana. Tarwaɗa tana cin 'yar uwarta. Waɗanda suka yi wa sauran fintinkau, masu kiwo suna kiransu shuta, su ne ke sa ka zuba 500 ka kwashe 380 ba ka taɓa ganin gawa ba. Raba su kashi uku a baho mai ruwa: manya, matsakaita, ƙanana. Kada ka sayar da tsohon tankin roba, nan ne gidan ƙananan har su kamo. Ka ƙirga su, ka auna guda 20 a bokiti mai ruwa, ka cire nauyin bokiti da ruwa, ka rubuta. Da wannan za ka san abincin da ya dace.

A KAN HANYA

Kada ka cika jarka da ruwa, kada kuma ka toshe bakinta. Tarwaɗa tana da wata gaɓa a cikin kanta da take shaƙar iskar sarari da ita, dole ta riƙa tasowa. Rabin jarka ya isa, ka ɗaure bakin da raga don kada su yi tsalle.

Ga tafiyar da ba ta wuce awa ɗaya ba, ka sa ruwa ya ninka nauyin kifi sau biyu zuwa uku. Wato lita 25 ta ɗauki kilo 8 zuwa 10. Mai kifi 500 masu giram 100 kowanne yana da kilo 50, jarka shida ke nan. In uku gare ka, yi sawu biyu. Kuɗin sawu na biyu bai kai kuɗin kifi 50 ba.

Zuba gishiri giram 2 zuwa 3 a kowace lita, wato giram 50 zuwa 75 a lita 25. Gishirin gargajiya mara ƙarin sinadari ya fi, kuma ka narkar da shi kafin kifi ya shiga. Kifin ruwan daɗi idan ya firgita gishirin jikinsa yana zuba cikin ruwa, wannan ɗan gishiri yana rage masa wahalar. Ka auna, kada ka yi da ka.

Lulluɓe jarkoki da jiƙaƙƙen buhu. Ka ce wa mai Keke Napep ko mai amalanke ya bi ramuka a hankali, kuma ba tsayawa gaisuwa a rana. In tafiyar ta yi tsawo ka ga ruwa ya yi kumfa, tsaya a inuwa ka sauya rabi da ruwan da ka taho da shi.

SAUKA

Nan ne gajiya ke sa mutum ya kife jarka ya huta. Sauri ya haifi nawa. Ajiye jarkar a inuwa kusa da tanki, ka riƙa ɗebo ruwan sabon tanki da kwano kana zubawa a ciki duk bayan minti biyar, har minti 20 zuwa 30. In kana da ma'aunin zafi, kada bambancin ya wuce digiri 2. In babu, sa hannu a nan ka sa a can, in ka ji bambanci to kifi ya fi ka ji. Daga nan ka kwashe su da raga ka sauke a hankali a cikin ruwa, ba jifa daga sama ba. Ruwan jarkar ya riga ya ƙazantu, lambu za shi.

Ka bar tazarar kamar santimita 30 tsakanin ruwa da bakin tanki, ka rufe da raga. A daren farko tarwaɗa tana neman hanyar fita, musamman in ana ruwan sama ko ta ji ruwa na zuba. Tana iya jan ciki a ƙasa, da safe ka tsince ta a bayan tanki, in mage ba ta riga ka ba.

MAKON FARKO

Ranar da suka sauka ba abinci. Washegari ka ba su rabin abin da suka saba. In kilo 50 na kifi suna cin kilo ɗaya da rabi a rana, fara da giram 750, ka tsaya ka kalla. Abin da ba su cinye cikin minti 10 ba ka kwashe. Ka riƙa ƙarawa har su koma daidai a kwana na huɗu ko na biyar. Kada ka sauya kamfanin abinci ko girman ƙwayarsa a wannan mako, sauyi ɗaya ya ishe su.

Sauya kashi ɗaya cikin huɗu na ruwa duk kwana biyu, ko da ka ga yana da kyau, kuma da ruwan da ya huta. Leƙa su da asuba da kuma dare. Kifi biyu ko uku cikin 500 in sun mutu bayan ƙaura, ba abin tashin hankali ba ne, cire gawar nan take. Amma in adadin yana hawa kullum, tsayar da abinci, sauya rabin ruwa, ka nemi malamin gona na sashen kifi ko likitan dabbobi. Kada ka fara da fasa kafso a ruwa don wani ya ce a waya. Yawancin lokaci ruwa ne ba lafiya, kuma maganin da aka zuba ba bisa ƙa'ida ba yana iya saura a naman da mutane za su ci. Mai son zurfafa ilimi kuwa, akwai cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa, NIFFR, a New Bussa kusa da madatsar Kainji.

RANAR DA BA A TASHI

In kifi yana mutuwa ko yana da gyambo, yi jinya tukuna, ƙaura za ta ƙarasa shi ne kawai. In siminti bai cika jiƙo ba, jira, ko da za ka riƙa sauya ruwan tsohon tanki sau biyu a rana. In kuma saura mako biyu ko uku kifin ya isa sayarwa, kira masu saye ko masu banda su kwashe, ka fara sabon zubi a sabon wuri. Babban kifi ya fi wuyar ɗauka, ya fi jin rauni, kuma shi ne ya riga ya cinye maka jari.

Duk wanda ya taɓa tayar da kifinsa, ya faɗa mana irin tankin da ya yi amfani da shi, watan da ya yi, da yadda makon farko ya kasance, don masu farawa su ƙaru. Allah ya sa albarka a kiwo.